Zuciyar Mamaci a Cikin Ƙanƙara: Hukuncin Adana Zuciya Domin Dashe

Dashen zuciya shi ne a ciro zuciyar mutumin da aka tabbatar ya rasu, a ɗinka ta a ƙirjin wani wanda tasa ta gaza har magani ya daina yi mata aiki. Ya sha bamban da dashen ƙoda ta fuska ɗaya mai nauyi. Ƙoda biyu ce, ɗan'uwa yana iya ba ɗan'uwansa guda ya tashi ya ci gaba da nomansa. Zuciya kuwa ɗaya tak ce, saboda haka duk wanda aka ɗauki tasa dole ya kasance matacce. Amma ita zuciyar dole ta kasance da sauran rai a namanta, in ba haka ba ba za ta buga a jikin kowa ba. Ana neman rayayyar gaɓa ke nan daga jikin da rai ya bari, kuma duk gardamar malamai da likitoci a kan wannan aiki daga nan ta samo tushe.

Adanawar ita ce abin da ke faruwa tsakanin ƙirjin farko da na biyu. Likitan tiyata yana buɗe ƙirjin mamacin alhali na'ura tana hura masa iska, zuciyar kuma tana bugawa. Sai ya matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da almakashin matsewa, ya ɗura wani ruwa mai sanyi ƙwarai mai yawan sinadarin fotasiyam a cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita. Cikin ɗan lokaci zuciyar za ta tsaya cak, a sake, ba a ƙanƙame ba. Ya yanke jijiyoyin, ya ɗago ta, a sa ta a leda mai ruwan adanawa, a sa ledar a cikin ta biyu, ta biyun a cikin ta uku, sannan a nutsa su a ƙanƙara cikin akwati mai kama da wanda masu rigakafi ke ratayawa a kafaɗa suna bi gida gida. Sanyin da ake nema wajen digiri 4 ne. Sanyi yana rage wa naman yunwar iskar oksijin amma ba ya kashe ta, kuma idan ƙanƙarar ta taɓa naman kai tsaye sai ta ƙone shi. Ƙoda tana jure kwana guda ko fiye a wannan hali, hanta kuma wajen awa 8 zuwa 12. Zuciya ba ta da wannan haƙuri: awa 4 ake so, in an matsa 6, kuma agogon yana fara tafiya ne daga lokacin da aka matse jijiyar, ba ya tsayawa sai jinin sabon jiki ya ratsa ta. A cikin awannin har da lokacin ɗinki.

Idan aka auna wannan da kudancin Jigawa za a ga girman tazarar. Babban asibitin da mutanen Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu suka dogara da shi shi ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, abin da ya fi ƙarfinsu kuma a tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Birnin Kudu zuwa Kano ta Wudil tafiyar kusan awa biyu ce a mota, daga Gwaram kuwa ta fi haka. Asibitin na Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, daga masu rai zuwa masu rai, yawanci 'yan uwan juna. Dashen zuciya dai bai zama aikin da ake yi a asibitocin Najeriya ba, kuma ƙasar ba ta da tsayayyen tsarin karɓar gaɓoɓi daga mamata.

Ba don babu masu buƙata ba ne. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi sanin ciwon zuciyar masu jego a duniya, wanda ke sa naman zuciya ya saki a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kansa a shekarun 1970, suka ɗora alhakin a kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki. Wasu matan suna warkewa da magani, wasu kuwa zuciyar ba ta komawa daidai, kuma irinsu ne ake sa wa suna a jerin masu jiran dashe a ƙasashen da ake yi.

A nahiyar Afirka aka fara wannan aiki. Ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Dakta Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar Denise Darvall, wadda mota ta buge, ya dasa wa Louis Washkansky. Ɗakunan tiyatar biyu suna maƙwabtaka da juna, don haka zancen adanawa bai yi tsanani ba. Washkansky ya yi kwana 18 ya rasu da ciwon huhu. Abin da aikin ya tono shi ne cewa babu wata ƙa'ida da aka haɗu a kanta game da lokacin da za a ce mutumin da ke kan na'urar numfashi ya cika. A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fito da ma'aunin da daga baya aka sani da mutuwar ƙwaƙwalwa.

Mutuwar ƙwaƙwalwa ba ita ce doguwar suma ba, ko da yake jama'a suna yawan haɗa su. Mai doguwar suma yana iya numfashi da kansa, wani ma ya farfaɗo bayan makonni. Gwajin mutuwar ƙwaƙwalwa yana neman ko da ɗigon aiki ne a gindin ƙwaƙwalwa, inda umarnin numfashi ke fitowa. Likita yana haska tocila a ƙwayar ido, ba ta tsuke ba. Ya shafa auduga a ƙwayar idon, ba a ƙifta ba. Ya tsiyaya ruwan ƙanƙara a kunne, idon bai juya ba. Ya zura bututu har maƙogwaro, babu tari babu yunƙurin amai. A ƙarshe ya cire na'urar numfashi na wasu mintoci, yana kallon ƙirji, yana auna jini, ya ga ko jikin zai nemi iska da kansa. Kafin duk wannan sai an tabbatar ba sanyi ko maganin barci ko guba ce ta danne mutumin ba. Wanda ya faɗi wannan gwaji jikinsa da ɗumi, jijiyar hannunsa tana harbawa, fitsari yana sauka a leda. Uwar da ke tsaye a bakin gadon in aka ce mata ɗanta ya rasu, ba ƙin gaskiya ba ne in ta ce ita ba ta gani ba.

Littattafan fiƙihu na dā sun san mutuwa ne da alamomin da ido ke gani: ɗaukewar numfashi, sakin ƙafafu, karkacewar hanci, lotsawar gefen goshi. Ba su ɗauki waɗannan a matsayin ita kanta mutuwar ba, wadda take fitar rai ce, al'amarin da Alƙur'ani ya ce ilminsa na Ubangiji ne. Alamu ne kawai da ke kai mutum ga yaƙini. Shi ya sa Muhtasar na Shehu Halil, littafin da malaman zaure ke karantarwa a Jigawa kamar sauran ƙasar Hausa, ya so a gaggauta shirya mamaci amma ya togace wanda ya nutse a ruwa: shi a jinkirta, don kada a binne mai sauran kwana. Ƙa'idar a fili take. Rai shi ne abin da aka tabbatar, ba a kawar da tabbas da zato.

Malaman zamani sun rabu a kan ko gwajin likita ya kai matsayin yaƙini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce a shari'a mutum ya mutu da ɗayan abu biyu: ko zuciya da numfashi su tsaya tsayawar da likitoci suka ce babu dawowa, ko ayyukan ƙwaƙwalwa duka su tsaya, ƙwararru su tabbatar babu dawowa, ƙwaƙwalwar kuma ta fara ruɓewa. Shekara guda bayan nan, a 1987, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ɗauki hanya mai tsauri. Ta yarda a cire na'ura idan ƙwararrun likitoci uku sun haɗu a kan cewa ƙwaƙwalwa ta tafi, amma ta ce ba za a yi wa mutum hukuncin mutuwa ba sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Masu goyon bayan Amman suna kafa hujja da bambancin da fuƙaha'u suka daɗe da yi tsakanin tabbatacciyar rayuwa da motsin dabbar da aka riga aka yanka. Masu goyon bayan Makka suna cewa jikin da ke narkar da abinci, rauninsa yana warkewa, wani lokaci ma mai ciki ta ci gaba da rainon ɗan tayi, ya wuce a kira shi shure-shuren yankakke.

Saɓanin ba na takarda ba ne kawai. A ɗauka uba da ɗansa sun yi hatsari a hanyar Kano, aka tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwar ɗan ranar Litinin, na'ura tana riƙe da shi, uban ya cika ranar Talata, aka cire wa ɗan na'ura ranar Laraba. A fatawar Amman ɗan ya riga uban, ba ya gadonsa, 'ya'yansa kuma baffanninsu za su shamakance su daga dukiyar kakan. A fatawar Makka ɗan ya gaji uban, rabonsa ya gangaro wa marayunsa. Haka ma lissafin takabar matarsa, wata huɗu da kwana goma, zai fara daga rana dabam. Ga mai dashe kuma bambancin ya fi wannan kaifi, domin a ra'ayi na biyu hannun da ya ɗura ruwan fotasiyam shi ne ya tsayar da zuciyar mai rai.

Ko an gama da zancen mutuwa, akwai na alfarmar gawa. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Shehu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar ya tsaya a kan cewa jiki amana ne, mallakar Allah, kuma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan shi ma ya hana. Masu halattawa sun amsa da cewa dukiya ma ta Allah ce amma ana sadaka da ita, kuma hadisin yana magana ne a kan wulaƙanci, ba aikin da aka yi don ceton rai ba. A nan mazhabar Malikiyya tana da tsohuwar mas'ala mai amfani. Halil ya ce ana tsaga cikin mamaci don fito da dukiya mai yawa da ya haɗiye. Game da ɗan tayin da ke motsi a cikin matacciya kuwa, zahirin maganar littafin Mudawwana shi ne ba a tsagawa, amma an fassara ta da cewa a tsaga idan ana sa ran zai rayu, kuma hakan Sahnun ya tafi a kai. Malaman da suka hana tsagawar sun yi la'akari ne da cewa a zamaninsu da wuya jaririn ya tsira, ba za a keta tabbatacciyar alfarma don abin da ake shakka ba. Hukuncin yana bin gwargwadon tsammanin nasara. Wannan ya sa ingancin adanawa ya shiga cikin fiƙihun kansa: zuciyar da za ta lalace a hanya ba ta halatta a buɗe ƙirjin kowa ba.

Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a 1982, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi kuma ta shimfiɗa sharuɗɗa a Jidda a 1988. Dole rayuwar mai karɓa ko wani babban aikin jikinsa ya dogara da gaɓar. Dole mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa, ko magadansa su yi bayansa, ko shugaba ya yi idan ba a san mamacin ba ko ba shi da magaji. An haramta ɗaukar gaɓar da rai ya dogara da ita, kamar zuciya, daga mai rai ko da ya yarda. An haramta ciniki.

Akwai tambayar da ta fi yawa a bakin mutane fiye da duk waɗannan, ita ce ta imani. Hadisi na shida a Arba'una na Nawawi, wanda ɗaliban Islamiyya ke haddacewa, ya rataya gyaruwar jiki da ɓacinsa a kan tsoka guda, ita ce zuciya. To wanda aka sa wa zuciyar wanda ba Musulmi ba, ko ta mashayi, me ya rage masa? Imam Gazali ya riga ya raba gardamar a Ihya'u ƙarnoni kafin a yi tunanin tiyatar. Ya ce akwai tsokar da ke gefen hagun ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, mamaci ma yana da ita, wannan sha'anin likitoci ce. Akwai kuma wani sirri na ruhi mai alaƙa da tsokar, shi ne mai sani, shi ake yi wa umarni da hani, shi za a yi wa hisabi. Abin da aka gani a asibiti bai saɓa wa wannan ba. Dubban mutane sun farka da zuciyar wasu, sun san iyalansu, sun ci gaba da addininsu da harshensu, wasu ma sun yi watanni da famfon roba da ƙarfe a madadin zuciya. Labaran da ake yaɗawa na wanda ya tashi da halayen mai zuciyar ba su da wata hujja ta bincike da za a gina hukunci a kai. Tambayar ta ƙara tsawo a Janairun 2022, lokacin da likitocin Jami'ar Maryland a Amurka, cikinsu har da Dakta Muhammad Mohiuddin, Musulmi haifaffen Pakistan, suka dasa wa David Bennett zuciyar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Ya yi wata biyu. Malaman da suka yi magana a kai sun mayar da ita babin lalura, inda ake duba ko akwai wata mafita ta halal.

Sabbin na'urorin adanawa sun sauya lissafin awa huɗu, sun kuma buɗe wata sabuwar ƙofar gardama. Kamfanin TransMedics ya ƙera akwatin da ba ya sanyaya zuciya. Ana ɗiban jinin mamacin fiye da lita ɗaya, a ɗumama shi, a sa masa oksijin, a riƙa zagaya shi cikin zuciyar, sai ta ci gaba da bugawa a cikin akwati mai gilashi, likita yana kallonta yana auna lafiyarta a cikin jirgi. Na kamfanin XVIVO kuma yana riƙe ta a sanyin digiri 8 yana ratsa ta da ruwa mai oksijin. Da shi ne a Janairun 2024 aka ɗauko zuciya daga tsibiran Faransa da ke yankin Karibiyan, aka ƙetare tekun Atlantika da ita a jirgin fasinja, aka dasa ta a Paris bayan kimanin awa 12.

Da akwatin ɗumi ne asibitin St Vincent's na Sydney a Ostareliya ya fara, a 2014, dasa zukatan manyan da suka mutu ta tsohuwar hanya, wato zuciyarsu ta tsaya. Ana cire na'urar numfashi da yardar iyali, a jira bugun ya ɗauke, a ƙara 'yan mintoci ba a taɓa gawar ba (a Ingila minti biyar ne), sannan a ciro zuciyar a farfaɗo da ita a akwati. A kallon farko wannan ya dace da sharaɗin Makka, tunda ba a sa wuƙa ba sai da zuciya da numfashi suka tsaya. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. An yanke hukuncin mutuwa ne bisa cewa zuciyar ta tsaya babu dawowa, ga ta kuma tana bugawa bayan rabin awa. Amsar masu yi ita ce abin da ya ƙare shi ne zagayawar jini a jikin wannan mutum, musamman zuwa ƙwaƙwalwarsa, ba ƙarfin tsokar ba. Amsa ce mai ma'ana, amma ta dawo da maganar kan ƙwaƙwalwa, inda aka guda tun farko. Wasu asibitocin ma suna tayar da zuciyar a cikin ƙirjin mamacin, bayan sun ɗaure jijiyoyin da ke hawa kai don kada jini ya koma ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta nuna adawa da wannan a 2021. Mai bin ƙa'idar yaƙini yana da dalilin tambayar abin da ake tsoro har ake ɗaure jijiyar.

Duk fatawar da ta halatta ta jingina ne da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan aikin hukuma ne da asibiti, ba na malami ba. Tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa yana buƙatar gado a ɗakin gobe da nisa, na'urar numfashi da wutar da ba ta ɗaukewa, injin auna iskar jini, da likitoci fiye da ɗaya waɗanda ba su da hannu a dashen. A inda ɗan acaɓan da ya fasa kai yake cikawa a mota kafin a kai shi Kano, ba a kai ga mas'alar ba tukuna. Bayan dashe kuma akwai maganin danne garkuwar jiki da za a sha har ƙarshen rayuwa, wanda tsadarsa ta riga ta durƙusar da iyalan masu dashen ƙoda da yawa. Yana da wuya a kare kashe dukiyar jama'a a dashe guda alhali kuɗin zai wadatar da masu jego masu yawa da awon hawan jini da maganin zuciya, kuma fifita mafi muhimmanci babi ne sananne a shari'a.

Akwai kuma zancen amana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin gaɓoɓi, amma shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure a 2023 kan kai wani matashi ɗan tireda daga Legas zuwa can don a ciri ƙodarsa, ta nuna wa kowa ta wace fuska gaɓa ke tafiya idan kuɗi ya shiga. Akwatin da ke riƙe zuciya awa 12 yana iya kawo ta ga mai jego a Gwaram, yana kuma iya ɗauke ta daga Gwaram zuwa inda ake da abin biya. Izinin shugaba a kan gawar da ba a san danginta ba, wanda Jidda ta yarda da shi, shi ne sharaɗin da ya fi buƙatar sa ido a ƙasar da almajirai da 'yan ci-rani ke mutuwa nesa da gida.

Sai jana'iza. A Birnin Kudu da Gwaram wanda ya rasu da hantsi yawanci kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an ɗauki makara. Ɗaukar gaɓoɓi yana jinkirta wannan da awanni, wani lokaci da kwana, kafin a gama gwaje-gwaje likitocin ɗauka su iso. Gaggauta sutura mustahabbi ne a Malikiyya, ana kuma jinkirta ta don dalili, saboda haka jinkirin shi kaɗai ba ya hanawa. Bayan aikin ana ɗinke ƙirjin, a miƙa gawar ga dangi, a yi mata wanka da salla kamar kowace gawa, domin mafi yawan jikin yana nan. Zuciyar da aka ciro ta marar lafiya kuwa, malamai sun so a binne ta, ba a yi mata salla. Inda ake samun saɓani shi ne idan mamaci ya bar wasiyyar a ɗauka magada suka ƙi. Lafazin Jidda ya wadatu da izinin mamacin, amma a aikace asibitoci da yawa, har a ƙasashen da dokarsu ta ba su dama, ba sa shiga tiyata idan iyali sun ce a'a.